Yadda Nake Kai Ɗalibai Bakin Teku da Kogon Jemagu

Duk malamin da zai fita da ɗaliban nazarin halittu daga Akra, babban birnin Gana, zuwa bakin teku, ya fara duba wata kafin ya nemi mota. Ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a kwana guda, kuma ya fi ja da baya a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin sha huɗu. Shekarar da na fara kai yara Prampram, wani gari da ke bakin teku, mun isa da rana tsaka, ruwa ya rufe duwatsun gaba ɗaya, muka dawo littattafanmu ba ko layi. Tun daga nan sai na nemi jadawalin cikar ruwa na tashar Tema, mu isa saura awa ɗaya ruwa ya gama janyewa.

Ku raba yara biyar-biyar. Kowace ƙungiya ta riƙe katako mai kusurwa huɗu, rabin mita kowane gefe, da igiyar awo da fensir, don biro ba ya jure jiƙa. A miƙa igiya daga busasshen dutse zuwa bakin ruwa, a riƙa ajiye katakon bayan kowace mita biyu, a ƙirga abin da ke ciki. A sama za su tarar da ƙananan dodon koɗi sun rufe bakinsu suna jiran ruwa, a ƙasa kuma kaguwa da ciyawar teku da bushiyar teku, baƙa mai ƙaya, ta lafe a raminta. Nan darasin yake: me ya sa wannan ya iya zama a sama, wancan bai iya ba? Ku bar su su yi gardama a kai, kada ku yi saurin ba su amsa.

Takalmi mai rufi dole ne, ƙayar nan tana karyewa cikin ƙafa. Dutsen da aka ɗaga a mayar da shi yadda aka same shi. Mutum ɗaya kuma aikinsa kallon igiyar ruwa kawai.

Kogo sai washegari. Gandun dajin Shai Hills yana da nisan kimanin kilomita 50 daga Akra, kuma ma'aikacin gandun ne zai yi muku jagora zuwa kogon Sayu, wurin da mutanen Shai suka zauna kafin Turawan Ingila su kore su daga tsaunukan a 1892. Ku ɓoye abinci a mota, gwaggon biri ba ya jin kunyar fizge leda.

Tun daga bakin kogon warin kashin jemage zai tarbe ku. Kowa ya sa takunkumi, domin ƙurar kashin tana iya ɗauke da naman gwari mai kama huhu. Ba a taɓa jemage, ko matacce ne. Cutar Marburg, wadda ake iya ɗauka daga jemagu, da ta ɓulla a Gana a 2022 ta isa dalili. A shiga mutum shida-shida, a yi shiru, tocila tana kallon ƙasa. In an haska su kai tsaye sai su tashi a firgice, uwa ma ta iya sakin ɗanta.

Na fi son in kashe tocila na minti ɗaya, yara su saurari tsuwwar da ke saman kansu. Bayan haka su duƙa su duba ƙwarin da ke rayuwa a kan kashin, su zana abin da suka gani, mu fito a wanke hannu da sabulu kafin kowa ya taɓa abinci.