Kurakuran da ake yi da labarin maguɗi a gudummawar 'yan siyasa

Na gaji da ganin matasanmu masu bibiyar siyasa a Kano, a majalisu da zaurukan WhatsApp, suna maimaita kuskure iri ɗaya duk lokacin da wata takarda ta ɓulla aka ce jerin waɗanda suka ba ɗan takara kuɗi ne, kuma wai an bankaɗo maguɗi a cikinta.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar hoton takarda tamkar ita kanta takardar. Bayanin gudummawa yana da gidansa. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta wajabta wa jam'iyya ta miƙa wa hukumar INEC rahoton gudummawar da ta karɓa cikin wata uku bayan bayyana sakamako, ta kuma hana mutum ɗaya bai wa ɗan takara fiye da naira miliyan 50. A Amurka hukumar FEC, mai sa ido kan kuɗin yaƙin neman zaɓe, tana ɗora irin waɗannan bayanai a intanet, kowa yana iya bincika da kansa. Ni dai al'adata ita ce in tambayi wanda ya turo mini daga ina takardar ta fito, idan amsar ita ce "haka na gan ta", to a nan zancen ya tsaya. Mai son ya matsa yana iya rubuta wa hukuma ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin ya taɓa gidanmu: ganin suna a jeri a yanke cewa mutumin da ka sani ne. An taɓa yaɗa wani jeri mai ɗauke da suna irin na yayana, wanda ke sayar da atamfa a Kantin Kwari, an rubuta miliyoyi a gaban sunan. Babu adireshi, babu kwanan wata, babu hatimin kowa. Kafin la'asar masu binsa bashi sun cika shagon suna cewa ashe yana da kuɗin ba 'yan siyasa, wasu abokan ciniki da ke ɗaya jam'iyyar suka janye, kuma har yau akwai dangin da gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba. Ku ji tsoron Allah, jama'a! Mutum nawa ne a birnin nan suke da suna ɗaya da sunan uba ɗaya? Ko da jerin na gaskiya ne, suna kawai ba ya nuna mutum, kuma idan maguɗin ya tabbata, sau da yawa mai sunan shi ne aka zalunta, domin an yi amfani da sunansa ne don a ɓoye ainihin mai kuɗin. Duk wanda ya tura irin wannan jeri bai tantance ba, yana da kaso a cikin alhakin.

Na uku shi ne cakuɗa zargi da bincike da hukunci. A watan Afrilun 2025 Shugaba Trump ya umarci ma'aikatar shari'ar Amurka ta binciki dandalin ActBlue, wanda ke tara wa 'yan Democrat gudummawa, bisa zargin ana shigar da kuɗi da sunayen wasu. Umarnin bincike ke nan, daga abokin hamayya, ba hukuncin kotu ba. A nan gida ma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Don haka nakan duba kalmar da labarin ya yi amfani da ita: "an zargi" ne, "an gurfanar" ne, ko "an samu da laifi".

Sauran ƙanana ne. A duba kwanan wata, domin ana yawan farfaɗo da tsohon labari idan zaɓe ya matso. A karanta labarin duka, kada a tsaya ga kanunsa. Shafuka goma da suka kwafi rubutu ɗaya majiya ɗaya ce. Maganar sojojin baka a rediyo matsayar ubangidansu ce, a saurare ta a haka. Sannan kafin in ce uffan nakan leƙa shafin Dubawa, mai tantance gaskiyar labarai, in ga ko sun riga sun tantance batun, kuma nakan yi hakan ko da wanda ake zargin ɗan jam'iyyar da ba na so ne.