Yadda za ka nuna wa 'yan aji zaɓin yanayi da wake

Malam ka samo wake fari da ja daidai wa daida, ka watsa a kan farin yashi, ka ce yara su zama kaji, kowa ya tsince iya abin da idonsa ya gani cikin sakan 10. Jan ne zai fi ƙarewa don shi ya fi fitowa fili. Waɗanda suka rage ka ninka su, sun haihu kenan, ku sake, da an yi zagaye kaɗan za ka ga fari ya mamaye wurin. Wannan shi ne zaɓin yanayi, wato wanda ya fi dacewa da muhallinsa shi ke tsira ya hayayyafa, abin da masanin kimiyya Darwin ya bayyana a 1859.

To sabon launi fa daga ina? Jefa baƙin wake ɗaya a ɓoye, shi ne sauyin ƙwayar gado, kuskure ne wajen kwafar DNA, wato bayanan gado da ke cikin jikin halitta, ba wai don ana buƙatarsa yake zuwa ba, haka kawai yake faɗowa, wani ya amfanar wani ya cutar, yawanci ma ba ruwansa.

Daga nan ka kawo musu sikila. Mai AS ya fi tsira daga maleriya mai tsanani shi ya sa jinin ya yaɗu a wajenmu, amma AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS.