Kurakuran Da Ake Yi Wajen Jona Motar Gida Da Wutar Zango A Amurka

A Amurka da Kanada akwai motocin da kowacce gida ce sukutum, da ɗakin kwana da kicin da banɗaki da firji. RV suke ce musu. Idan matafiyi ya isa wurin yada zango, zai tarar da turken wuta a gefen filin da aka ba shi, ya jawo kebul ya jona. Turken nan ya daɗe yana shan rana da ruwa, kuma Allah kaɗai ya san hannu nawa ya taɓa cikinsa. A tsarin can baƙar waya ce mai wuta, fara ce nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, koriya kuma ta ƙasa, wato ta kariya. Wani lokaci mai gyara yakan juya baƙa da fara, kowacce ta hau gurbin 'yar'uwarta.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne komai zai kama aiki. Wutar gida kai-komo take yi sau 60 a daƙiƙa, saboda haka firji da fitila ba ruwansu da wace waya ce ta zo ta ina. Matsalar tana wajen kashewa. Makunnai da bireka na cikin motar waya mai wuta kaɗai suke yankewa. Idan an juya, nutural suke yankewa, wutar kuma tana nan kwance cikin na'urar. Mutum ya kashe bireka, ya saki jiki ya buɗe hitar ruwa zai gyara, alhali volt 120 na jiransa.

Ana yawan cewa juyewar waya kan sa jikin mota ya ɗauki wuta. Ita kaɗai ba ta yin haka a motar da aka yi wa waya daidai, domin nutural da ƙarfen motar ba su haɗu ba. Haɗarin yana zuwa ne idan wani tsohon gyara ko lalatacciyar na'ura ta haɗa su, sannan wayar ƙasa ta tsinke. Nan gangar motar gaba ɗaya za ta ɗauki wuta, tayoyi kuma sun raba ta da ƙasa. Wanda ya tsaya a jiƙaƙƙiyar ciyawa ba takalmi ya kama marfin ƙofa, ta jikinsa wutar za ta bi. Don haka ɗan jan da ake ji a hannun ƙofa a ce "ba komai" babban ganganci ne, musamman inda akwai yara. Da an ji shi, a kashe birekan turke, a zare kebul, kada kowa ya sake taɓa motar sai an gano dalili.

Gyaran yana da arha: a gwada turke kafin a jona. Akwai ƙaramar testa mai fitilu uku da ake sokawa a soket, tana nuna juyewar waya nan take. Mai mitar auna volt kuma ya auna: tsakanin mai wuta da nutural kusan volt 120, tsakanin mai wuta da ta ƙasa kusan 120, tsakanin nutural da ta ƙasa kusan sifili. Sai a kashe bireka, a soka fulogi, sannan a kunna.

Sai dai dogaro da testar nan kaɗai shi ma kuskure ne. A tsohon soket da ba shi da wayar ƙasa, wasu kan yi dabarar ɗaura ramin ƙasa, wato ramin soket na wayar ƙasa, da nutural. Idan aka haɗa wannan da juyewar waya, ramin ƙasa ne ke ɗauke da volt 120, ya kai shi kai tsaye jikin mota, testa kuwa tana nuna lafiya lau, har mita ma ta ruɗu. Abin da ke tona wannan shi ne testa mai kamar alƙalami wadda ke ƙara idan ta kusanci wuta ba tare da ta taɓa waya ba. A kai ta ramin ƙasa da jikin turke, bayan an jona kuma a kai ta jikin mota. A ganina wannan ce ta fi cancantar zama a aljihu.

Wasu kan sayi na'urar tare hauhawar wuta su ɗauka sun gama. Mai arhar fitila kawai take kunnawa ta gargaɗi, wutar ta ci gaba da wucewa. Wadda ake kira EMS ce ke hana wutar shiga idan ta ga an juya waya, ko ƙarfin ya yi ƙasa ko sama da kima. Ita ce kuma ke ceton mai soket ɗin amfiya 30, wato TT-30, wanda ya yi kama da na tsohuwar na'urar busar da tufafi har wasu masu gyara kan ba shi volt 240 maimakon 120, kayan mota su ƙone cikin ƙiftawar ido.

Idan turke ya nuna matsala, ba aikin baƙo ba ne ya kwance shi, ko ya haɗa wata waya mai juya wutar don ya lallaɓa ya kwana. A sanar da ofishin zangon, a nemi wani fili, domin na bayanka ma wannan turken za a ba shi.