Yadda Gida Mai Yara Zai Bar Cin Nama Ba Tare Da Yaran Sun Rame Ba

Abin da ke sa gida ya ajiye nama iri-iri ne. Wani maigida ne likita ya ja wa kunne kan hawan jini ko kitse a jini, uwargida kuma ta gaji da ɗora tukunya biyu kullum. Wani tsadar nama ce ta kai shi bango. A gidajen 'yan uwanmu mazauna Turai da Amurka kuwa, sau da yawa yaro ne ke dawowa daga makaranta ya ce shi ya daina cin dabba. Ko ma mene ne dalilin, tukunyar Bahaushe ta riga ta yi rabin aikin: tuwo da miyar kuka mai daddawa, ɗanwake, ƙosai da koko, alale, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dambu, shinkafa da wake da mai da yaji, duk ba sa jiran mahauci. Inda ake faɗawa rami shi ne a tsame nama daga miya a bar sauran abinci yadda yake. Babba zai jure wannan na tsawon lokaci, amma yaron da ke tsakiyar girma ba zai jure ba.

Mataki na farko: ku tsayar da iyakar abin da za ku bari

Hawa biyu ne. Akwai barin nama da kaza da kifi, a ci gaba da cin ƙwai da shan nono da madara. Akwai kuma barin duk abin da ya fito daga jikin dabba, har ƙwai da kindirmo da man shanu. Tazarar da ke tsakaninsu babba ce ga yaro.

Ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta fitar da matsaya a 2016 cewa dukkan hawan biyu suna iya wadatar da mutum a kowane mataki na rayuwa, amma da sharaɗin a tsara abincin da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a ƙa'idojinta na 2023 kan ciyar da 'yan wata 6 zuwa 23, cewa ta yi a riƙa ba su nama ko kifi ko ƙwai kowace rana. A ganina, gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ya tsaya a hawa na farko. Manya su wuce gaba in suna so, amma a bar wa yara ƙwansu da kindirmonsu. Wanda ya dage sai ya kai yara hawa na biyu, to ya yi da sanin likita.

Maigida da uwargida su daidaita bakinsu tun kafin yara su ji labari. Kuma a gidan Musulmi ya kamata a faɗa wa yara a fili cewa nama halal ne, zaɓi ne kawai aka yi, kada yaro ya tashi yana ƙyamar abin da Allah ya halatta ko yana raina wanda ke ci.

Mataki na biyu: a yi awo kafin a taɓa tukunya

Ku kai yara asibiti a auna nauyi da tsawo a rubuta a kati, a kuma duba yawan jini. A wajenmu zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna cinye jinin yara tun kafin a zo maganar abinci. Yaron da aka samu jininsa ya yi ƙasa, ko mai sikila, ko wanda awonsa ya tsaya, ba a fara wannan tafiya da shi sai likita ya ce a fara.

Mataki na uku: a sauya a hankali

Kada a wayi gari a ce daga yau an daina. A fara da kwana biyu ko uku a mako, da abincin da yara suka riga suka saba kuma suke so. Ranar ɗanwake babu yaron da ke tambayar nama. Bayan mako biyu sai a ƙara kwanaki, a bar kifi ya zama na ƙarshe da zai fita. Wannan jinkirin yana da wani amfani kuma: cikin da bai saba da wake kullum ba yakan kumbura, amma idan aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, aka jiƙa waken ya kwana aka zubar da ruwan jiƙon, aka dafa shi ya yi luguf, kumburin yana raguwa. Kanwa kuma a rage hannu, don tana kashe wasu daga cikin bitamin ɗin da ke cikin waken.

Mataki na huɗu: cike gurbin da nama ya bari

Nan ne ainihin aikin yake. Hatsi, wato gero da dawa da masara da shinkafa, yana da furotin, sinadarin da ke gina jiki, amma ya gaza a wani ɓangare da wake ke da shi a wadace. Wake kuma ya gaza a ɓangaren da hatsi ke da shi. Idan suka haɗu a cikin yini ɗaya, ko ba a kwano ɗaya ba, jiki yana samun abin da yake nema. Shi ya sa ƙosai da koko, ko tuwon dawa da miyar wake, ba abincin rashi ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Kuma ba mu da uzurin rasa wake: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noma shi, Nijar na biye mata. Dokar ita ce, kowane cin abinci ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan: wake, waken suya, gyaɗa, gurjiya, riɗi, agushi, ƙwai ko nono.

Waken suya ya fi su duka furotin, ya haura kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a bushe, kuma awara ce hanyar da yara suka fi karɓarsa. Uwargida za ta iya yin ta a gida. Ki tsince waken ki jiƙa shi ya kwana, ki wanke ki kai markaɗe, ki tace da ƙyallen tata har ruwan ya fito fari kamar madara. Ki ɗora a babbar tukunya ki tsaya a kansa, don yana tafasowa zai yi kumfa ya zube a murhu. Idan ya tafasa sosai sai ki riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, ko na kamu da ya kwana ko na tsamiya, za ki ga yana dunƙulewa yana tasowa sama, ruwan ƙasa ya koma garai-garai. Ki kwashe cikin ƙyalle, ki zuba gishiri da albasa da attaruhu, ki ɗaure ki ɗora turmi ko dutse a kai ruwan ya tsane. Daga nan ki yanka. Ba dole sai an soya an ci da yaji ba: ki soya sama-sama ki jefa cikin miyar dage-dage minti goma kafin ki sauke, za ta sha miyar, yaro ya samu abin da zai tsamo ya tauna a inda tsoka take a da. Dusar da ta rage a ƙyallen tata ma ba ta zubarwa ba ce, tana shiga ƙullun ƙosai ko alale. Abu ɗaya kawai, waken suya ba a cinsa ɗanye ko rabin dahuwa, yana hana jiki narkar da furotin.

Akwai matsalar da iyaye ba su cika lura da ita ba. Cikin ƙaramin yaro ƙarami ne, abincin ganye da wake kuma yana cika ciki da wuri, sai yaro ya ture kwano alhali bai samu ƙarfin da jikinsa ke buƙata ba. Maganin wannan shi ne mai da ɗan taɓa-ka-lashe tsakanin abinci. A zuba cokalin man gyaɗa ko manja a abincinsa, a dama masa kunun gyaɗa mai kauri maimakon koko tsararo, a ba shi kantun riɗi, ayaba, dafaffen dankalin Hausa, ƙwai. Garin kunun da ake koya wa mata a asibitin awo, wanda ake haɗa gero da dawa da soyayyen waken suya da gyaɗa a niƙa tare, ya dace da gidan nan sosai. Gyaɗar dai a tsince ta da kyau a zubar da mai fumfuna da mai ɗaci, don gubar da ke cikinta tana lalata hanta. Ɗan ƙasa da shekara biyar kuma a niƙa masa, kada a ba shi ƙwayarta ya shaƙe.

Mataki na biyar: jini, da kofin shayi

Sinadarin ayon da ke ƙara jini yana nan a wake da gero da zogale da alayyahu da garin kuka, sai dai jiki ba ya zuƙar na tsiro da sauƙi kamar na nama. Saboda haka masana ke ƙiyasta cewa wanda ya bar nama yana buƙatar kusan ninki biyu. Dabarar ita ce a haɗa shi da bitamin C a zama ɗaya: a matsa lemun tsami a kan wake, a yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kwaɗo, a ba yaro gwaiba ko lemu ko kwalba-da-nono na ƙwame bayan ya ci. Jiƙa hatsi da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu da waina, shi ma yana sakin ayon ɗin ya shiga jiki.

Shayi kuwa akasin haka yake yi. Ganyen shayi yana riƙe ayon ya hana shi shiga jini, don haka shayi da ƙosai a lokaci guda asara ce ga yaron da ba ya cin nama. A raba su da kamar awa guda, ko a bar wa manya shayinsu.

Ga ƙashi da haƙori, nono da kindirmo suna taimakawa sosai. Inda aka bar su, sai a ƙara riɗi da kuka da zogale. Gishiri kuma a sayi na cikin leda mai aidin, sinadarin da ke hana maƙoƙo, tunda kifi ya fita.

Mataki na shida: bitamin B12

Wannan sinadari ne da jini da ƙwaƙwalwa ke buƙata, kuma babu sassauci a kansa. Babu shi a zogale, babu abin dogaro a daddawa, babu shi a madarar waken suya da aka yi a gida, duk abin da mai tallan maganin gargajiya zai faɗa. Daga dabba yake zuwa, ko daga ƙwayar magani, ko abincin kamfani da aka rubuta a jikinsa cewa an ƙara masa. Buƙatar ba ta da yawa: maikirogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) 0.9 a rana ga ɗan shekara 1 zuwa 3, 1.2 ga ɗan 4 zuwa 8, 2.4 ga babba, 2.8 ga mai shayarwa. Kofin madarar shanu yana ba da kusan 1, ƙwai ɗaya kusan rabi. Yaron da ke samun waɗannan kullum yana kan hanya. Wanda ba ya samu, dole a ba shi na magani, likita ya faɗi adadin.

Haɗarin rashinsa shi ne ɓoyewa. Hantar babba tana ajiye shi na shekaru, sai gida ya ɗauka komai lafiya. Jaririn da ke shan nonon uwar da B12 ɗinta ya ƙare ba shi da wannan ajiya: zai yi laushi, ya daina murmushi, wanda ya fara zama ya koma ba ya iyawa, kuma illar ƙwaƙwalwa wani lokaci ba ta gyaruwa. Mai ciki da mai shayarwa da suka bar abincin dabba su sha ƙwayar ba fashi. Jariri dai nonon uwa zalla har wata shida, kuma madarar waken suya ta gida ko kunun aya ba sa maye gurbin nonon uwa ko madarar jarirai ta gwangwani.

Mataki na bakwai: ɗanɗanon miya, da bakin dangi

Romon nama ne ke ba miya armashi, don haka in ya fita a ƙara daddawa, a soya albasa ta yi ja kafin a zuba kayan miya, a sa citta da kanumfari da tafarnuwa. Mai son tsantseni ya duba ɗunƙulen da yake saya, wasu na ɗanɗanon kaza ne ko na kirifish.

Dangi kuwa za su yi magana. Kaka za ta kalli kwanon jikanta ta ce, "Yanzu ɗan nan ko tsoka ɗaya ba za ku sa masa ba?" Ba wurin kawo hujjar masana ba ne. "Hajiya, yana cin ƙwai kullum, kuma ga katin awonsa, likita ya ce yana hawa" ta fi doguwar muhawara kashe magana. Idan yaro ya je gidan suna ko biki ya ci nama, kada a tsare shi da tuhuma. Yaron da ake yi wa faɗa kan abinci ɓoyewa yake koya. Layya da ragon suna kuma ibada ce da ba ta faɗi don gida ya sauya tukunya: a yanka, a raba wa maƙwabta da mabuƙata, wanda yake so a gidan ya ci. Ɗan makarantar kwana, inda ba ku ke riƙe da ludayi ba, ya fi kyau a bar shi ya ci abin da aka ba shi, a haɗa masa da ƙuli-ƙuli da garin kunu a akwati.

Bayan wata uku a koma asibiti a maimaita awo da gwajin jini a kwatanta da na farko. In nauyi ya tsaya ko ya sauka, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko yaro ya cika kasala da cin ƙasa, kada a jira wa'adin ya cika: a je a ranar, kuma a mayar masa da kifi ko hanta har likita ya ga abin da ke nan.