Yadda ake shan romon taliyar Lanzhou lokacin sanyi a Chaina

Ɗan kasuwar da ya sauka Guangzhou ko Yiwu tsakanin Disamba da Fabrairu zai tarar da sanyin da ba irin hunturun gida ba, mai danshi ne, har cikin ƙashi yake shiga. Abin da ke korar wannan sanyi, ga arha ga halal, shi ne taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a zuba cikin romon naman shanu mai kayan ƙamshi. Asalinta birnin Lanzhou ne, hedikwatar lardin Gansu, kuma ana danganta ta da wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui, Ma Baozi, wanda ya fara sayar da ita a 1915.

Da farko ka tabbatar da shagon. Kada ka ga taliya kawai ka faɗa ciki, domin shaguna da yawa da ƙashin alade suke haɗa romo. Duba allon bakin ƙofa, galibi kore ne, ka nemi waɗannan haruffa biyu: 清真. "Cing-jan" ake furta su, ma'anarsu halal. An cire rubutun Larabci daga alluna da dama a 'yan shekarun nan, don haka rashinsa kada ya sa ka juya. Leƙa ciki: in ka ga maza da farar hula, mata da mayafi, yi sallama, za su amsa maka. A unguwar Xiaobei ta Guangzhou, inda 'yan Afirka suka fi taruwa, ba za ka yi doguwar tafiya ba ka samu. Kuma kada ka shiga da abincin wani wuri, ba sa so.

Sai oda. Nuna hoton kwanon a bango, ka biya da manhajar waya ta WeChat ko Alipay, ko tsabar kuɗi. Naman da ke zuwa a kwano 'yan yanka ne ƙalilan. In kana jin yunwa sosai, sayi ƙarin nama da dafaffen ƙwai. Daga nan za a so a ji kaurin taliyar da kake so. Akwai "maoxi", siririya kamar gashi. Akwai "erxi", matsakaiciya. Akwai "jiuye", mai ɗan faɗi. Akwai "dakuan", faffaɗa sosai. Ni dai "erxi" nake ba baƙo shawara, don siririyar tana saurin yin laushi, faffaɗar kuwa tana wahalar ɗauka ga wanda hannunsa bai faɗa da tsinkayen cin abinci na 'yan Chaina ba.

Ka ɗan tsaya ka kalli mai jan ƙullun. Zai miƙe shi iya buɗewar hannu, ya ninka, ya sake miƙewa, ya buga a tebur, kafin ka ankara dunƙule ɗaya ya zama zare-zare, ya jefa a tafasasshen ruwa. A gargajiyance ruwan tokar wata ciyawa ake sa wa ƙullun ya yi danƙo, kusan aikin da kanwa ke yi a girkinmu.

In ba ka jure yaji, faɗa tun kafin a zuba: "shao la" shi ne kaɗan, "bu yao la" kada a sa. Amma a bar maka ko rabin cokali, jan man barkonon nasu ya fi ƙamshi a kan zafi.

Kwano na zuwa, duba abu biyar da 'yan Lanzhou ke auna shi da su: romo garau, farin radish (wata saiwa mai kama da karas) yankakke, jan mai, koren ganyen koriyanda da na tafarnuwa, sai taliya mai ɗan rawaya. In romon ya gurɓace, ba a yi aikin da kyau ba.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci: kada ka gauraya tukuna. Hura man gefe, ka kurɓi romon zalla. Nan aikin yake. Sa'o'i ake yi ana dafa ƙashi da nama a wuta kaɗan-kaɗan, ana kwashe kumfa, tare da citta, kirfa, kanumfari, wani ɗan itace mai siffar tauraro, da barkonon Sichuan mai sa leɓe ya ɗan yi tsir-tsir. Kurɓa biyu uku za ka ji ɗumi ya sauka ƙirji, hanci ya buɗe, gumi ya fara tsattsafowa a goshi. Bayan haka ne za ka ɗiga ruwan khal da ke kan tebur in kana son tsami, ka juya.

Ci da zafinsa, ajiye waya. Taliyar tana shan ruwa, cikin 'yan mintoci ta kumbura ta saki. Sunkuya kusa da kwano, ɗago kaɗan da tsinke, ka zuƙa. Ƙarar zuƙa ba abin kunya ba ce a irin wannan shago. Sai dai kada ka soke tsinkayen a tsaye cikin kwano, da turaren mamata suke kamanta hakan. In tsinke ya gagara, nemi cokali.

Ka je da safe in da hali. A Lanzhou karin kumallo ne, kuma romon farko, wanda ba a ƙara masa ruwa ba, shi masana ke sammako dominsa.