Babi na 6: Gyaran Famfon Sitiyari Mai Yoyo a Tsohuwar Mota

Darasi na 1: Daga ina man yake fita?

Sannunku da ƙoƙari. Aikin yau ba ya buƙatar ƙarfi, haƙuri da tsabta kawai yake so. Famfon da za mu buɗe samfurin Saginaw ne, wanda kamfanin General Motors na Amurka ya riƙa sa wa motocinsa irin su Chevrolet da Buick da Pontiac tun shekarun 1960. Za ku gane shi da tankin man da ya rungume shi ta baya.

Kafin ku taɓa sifana, ku wanke famfon, ku goge shi ya bushe. Ku tada mota, wani ya juya sitiyari, ku kuma ku zuba ido daga nesa da bel. In bayan fuli, wato wilin da bel ke ja, ne ya jiƙe, sil ɗin shaf ne ya mutu, wato robar da ke tare mai a jikin sandar ƙarfen da fulin ke juyawa. In ta inda tanki ya haɗu da jikin famfo man ke tsattsafowa, babban zoben roba ne ya bushe. Ku duba tiyo ma, don sau da yawa laifinsa ne ake ɗora wa famfo.

Darasi na 2: Kwancewa

Ku kashe mota. Ku ɗauki hoton famfon da waya tun yana jikinta. Ku tara kwano, ku cire tiyo biyun, ku sassauta bel, ku sauke famfon.

Fulin tsofaffin samfura noti ne ya riƙe shi. Na baya-bayan nan matsa shi aka yi, sai da abin zare fuli yake fita. Ban da guduma, don dukan yana shiga har cikin famfon.

A baya akwai kusoshi da babban notin da tiyon matsi ke shiga. Ku kwance su. Bayan notin akwai bawul da sifirin, ku tara hannu kada su faɗi. Ku jijjiga tankin a hankali har ya rabu. Yanzu ga murfi, wani zoben ƙarfe ya riƙe shi. A gefen famfon akwai 'yar ƙaramar huda: ku tura siririn ƙarfe ta nan, zoben zai ɗago, ku zare shi da sukundireba. Duk abin da ya fito, ku jera shi a kan tsumma mai tsabta daga hagu zuwa dama. Wajen mayarwa za ku faro daga dama.

Darasi na 3: Sil da robobi

Ku ɓamɓare tsohon sil ba tare da kun karce mazauninsa ba. Ku shafa farce a shaf, daidai inda sil ke gogawa. In farcen ya maƙale a rami, sabon sil ba zai riƙe mai ba, sai an canja shaf. Sabon sil leɓensa ciki yake kallo, wajen mai. Kowane zoben roba a canja shi, kuma a tsoma shi a man sitiyari kafin a sa.

Darasi na 4: Fallaye goma

A nan nake so ku natsu, don nan ne aka fi tuntuɓe. A jikin rota, wato ƙarfen da ke juyawa tare da shaf, akwai tsaga 10. Kowace tsaga tana ɗaukar ɗan fallen ƙarfe ɗaya. In rota ta juya, fallayen suna fitowa su goga jikin zoben da ya kewaye su, su tura mai.

Ku ɗauki falle ɗaya. Ku kai shi wajen haske. Ku shafa dogon gefensa da yatsa, ku juya, ku shafa ɗayan. Ɗaya a miƙe yake, kamar an yanka da wuƙa. Ɗayan ya ɗan yi ƙozo, yana da santsi, a tsohon falle ma har ƙyalli yake. Mai ƙozon shi ke kallon waje, wajen zobe. Miƙaƙƙen shi ke shiga ciki.

Mu sake. Ƙozo waje, miƙaƙƙe ciki. In ba ku ji bambancin ba a karon farko, ba komai, ku rufe ido ku sake shafawa. Yatsa ya fi ido gani a wannan wuri.

Ku mayar da shaf da rota, ku zaunar da zoben da ke kewaye rota a kan fil ɗinsa biyu, kibiyar da ke jikinsa tana ta wajen baya. Ku sa falle na farko, ku faɗa da baki: ƙozo waje. Na biyu: ƙozo waje. Haka har goma. Madalla.

Na taɓa tsayawa a kan wani ɗalibina, dattijo mai hannun aiki, ya sa takwas daidai, aka yi masa magana ya waiga, ya juya biyun ƙarshe. Ya haɗa komai tsaf, aka tada mota, famfo ya kama kuka, sitiyari ya yi tauri. Muka sake kwancewa tun daga fuli. Don Allah ku daina hira a wannan mataki! Kowace shekara sai na faɗa, kuma kowace shekara sai an sami mai cewa ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wanda bai ƙirga fallayensa ya shafa kowanne ba, kada ya taɓa murfi. Ku koma ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ku tabbata kowanne yana zamewa a tsagarsa ba cijewa, kuma ƙozonsa na waje.

Darasi na 5: Rufewa

Ku mayar da faranti da sifirin da kuka tarar a ƙarƙashin murfi, sai murfin kansa. Ku danne murfin, ku sa zoben ƙarfe har ya zauna a raminsa. Sai tanki, bawul da sifirin ɗinsa, babban noti, kusoshi da fuli. Ku duba hotonku.

Darasi na 6: Fitar da iska

Ku zuba irin man da littafin motar ya ce, ban da man birki. Ku ɗaga tayoyin gaba, mota a kashe, ku juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20, kuna ƙara mai. Ku tada mota. In man ya yi kumfa, akwai sauran iska: ku kashe, ku jira ya kwanta, ku maimaita.