Yadda ake yi wa mai kitso ihsani ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba

Ƙanwata ta fara koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Bauchi. Albashin farko ya shigo ranar Alhamis, ran Asabar ta nufi shagon gyaran gashi. Aka wanke kai, aka busar, aka yarfa mata kitso. Da ta zo biya sai wata Hajiya da ke gabanta ta zaro naira 2,000 ta ce a raba wa yara. Ita ma ta zaro, don kada a raina ta. Kafin 20 ga wata ni take kira tana neman kuɗin Keke. Na kuma sha ganin akasin haka: mace ta zauna awa huɗu ana mata kalaba, ta tashi tana jayayya a kan naira 200, alhali jakar da ke hannunta ta anko ce. Dukansu biyun a kan kujerar kitso suka yanke shawara, idon mutane na kansu. A gida ake yanke ta.

Ki fara cire wani abu daga ranki. Ƙarin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan kuɗin aiki da kike ji ana faɗa a TikTok al'adar Amurka ce, can ne wanda bai bayar ba ake masa kallon marowaci. Mu a nan ƙari ma daga wajen mai sayarwa yake fitowa. Ki sayi tumatir a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, ke ce za ki ce a yi miki gyara. Abin da kike ɗora wa mai kitso ihsani ne, wasu su ce na goro, wasu su ce na shan ruwa. Haƙƙinta shi ne kuɗin da kuka yi ciniki a kai, kuma shi ne hadisi ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Wanda bai cika haƙƙi ba, ba shi da bakin maganar ihsani.

Mataki na farko, ranar da kuɗi suka shigo hannunki, albashi ne ko ribar sana'a ko abin da maigida ya bayar, ki raba su kafin ki buɗe WhatsApp. Abinci da gas ko gawayi, kuɗin mota na wata, makarantar yara har da Islamiyya, zubin adashi, bashin da ake binki. Kuɗin motar nan kada ki yi masa lissafin da: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Keke ya zama wani baki da ake ciyarwa a gida. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma malaman makarantun kuɗi da yawa ba su kai nan ba. Abin da ya rage shi ne kason kwalliya: kitso, lalle, turare, man shafawa, da data. E, da data. Ni a nan nake saka ta, duk mai musu ta duba awa nawa ta yi jiya tana kallon bidiyo. Ihsanin mai kitso daga wannan kaso yake fita, ba daga na cefane ba. A ce kason ya tsaya a 8,000, kitso biyu a wata ya ci 5,000, wankin kai 1,000. Saura 2,000, kin ga kenan ihsaninki ba zai wuce 500 ba a kowace zuwa, in kina son ki shafa mai a watan.

Na biyu, ki ji farashi kafin ki cire ɗankwali. Tsifa nawa, wanki nawa, man wa za a yi amfani da shi, in wuta ta ɗauke aka tayar da janareta akwai ƙari ko babu. Ni da tsifata nake zuwa, da mataji da man kaɗanyata, wannan kaɗai yana rage mini abin da ya isa na goro.

Na uku, ki nemi canji tun a hanya. Ki fasa dubu ɗayarki wajen mai Keke ko mai kayan miya, ki ware 'yan ɗari biyu-biyu a wani aljihun jaka daban. Mace da ta shiga shago da 'yan dubu-dubu zalla, ko ta ba da abin da ya fi ƙarfinta ko ta fita ba ta ba da komai ba.

Yanzu ga inda ni na yi shekara biyu ina kuskure, kuma shi ne dalilin wannan rubutu: wa za a ba?

A yawancin shagunan garin nan, mai shago daban, mai yin aikin daban. Madam za ta tarbe ki, ta duba kan, wani lokaci ta fitar da tsagar farko da kibiya, sannan ta miƙa ki ga yarinya. Yaran nan galibi koyo suke yi. Wasu ma iyayensu ne suka biya don a koya musu, abin da suke samu a rana bai wuce na abinci da na mota ba. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kowa ya koma tura kuɗi ta waya, ni ma na saba. In kitso 2,500 ne sai in tura 3,000 ta akawun shago, in ce, “Madam, saura a ba yarinya.” Ta ce, “To Hajiya, an gode.” Na tafi ina jin na yi abin kirki.

Wata rana na haɗu da yarinyar a bakin titi tana jiran Keke bayan magariba. Ita ce mai yi mini shuku koyaushe, hannunta ba zafi. Na rage mata hanya. Muna tafe na ce, “Ina fatan ɗan abin da nake bari yana isowa.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “Wane abu, Anti?” Ban ƙara magana ba har ta sauka a unguwar Jahun. Ban kuma ce mai shagon ta ci da gangan ba. Kuɗi sun shiga akawun shago tare da na wasu mata goma, a ciki za a sayi fetur, a biya haya, wa zai tuna da ɗari biyar ɗina da dare? Laifin nawa ne da na aika saƙo ta hannun da ba zai kai ba.

Saboda haka dokar ita ce: kuɗin aiki ki tura ta waya ko ki ba mai shago, ihsani kuma tsaba, hannu da hannu, ga wadda yatsunta suka yi aikin. In mutum biyu suka taɓa kanki, ɗaya ta wanke ɗaya ta yi kitso, mai kitso ta fi, amma mai wanki kada ta tashi a banza, ko naira 100 ce. Kada ki ce “a raba wa yara.” Rabon nan babba ce ke yinsa, ƙaramar da ta durƙusa tana tsife miki kai ita ce ta ƙarshe. Kada kuma ki tambayi yarinya lambar akawunta a gaban madam, kin jefa ta cikin magana bayan tafiyarki, wasunsu ma ba su da akawun. Ki jira lokacin da take gyara miki ɗauri ko ta rako ki bakin ƙofa, ki nannaɗe kuɗin ki sa mata a tafin hannu da damanki, ki ce, “Ga wannan ki sha ruwa.” Shi ke nan. Ba sai kin ɗaga murya ba, ba sai kin tsaya jiran godiya ba.

In mai shagon da kanta ta yi miki, ba dole. Ribar tata ce. Ni mai shago kawo mata kwastoma nake yi, ya fi mata ɗari biyar amfani.

Nawa? Kitson zane na minti arba'in, 200 ta isa. Ƙananan kalaba da suka cinye yini, 500, in da hali 1,000. Amma zuwan farko ki riƙe hannunki. Abin da kika bayar ranar farko shi ya zama farashinki, ranar da kika rage sai a ɗauka fushi kike. Gara 200 kowane zuwa da 2,000 sau ɗaya sannan shiru wata uku. In kuma watan ya zo da tsiya, ki biya kuɗin aiki cif, ki ce, “Yau dai sai haƙuri, sannu da ƙoƙari.” Babu wadda ta taɓa tare ni a ƙofa saboda haka. In akwai bashin kitson baya a kanki, ki manta da ihsani, ki biya bashin.

Mai kitson unguwa, wadda kike shiga gidanta ki zauna a tabarma ki sa kai a cinyarta, lissafinta daban. Ita ce mai cewa “Haba Maman yara, ki ba da abin da ya sauwaƙa,” kuma wannan maganar ta fi farashi tsada. Ki tambayi maƙwabta abin da suke ba ta, ki ba da hakan, kada ki fake da kara ki rage. Ihsaninta ba sai kuɗi ba: sabulu, garin wanki, kwanon masa ranar Juma'a, turmin atamfa in azumi ya zo kuma kina da hali.

Kitson Sallah ki kama layi tun saura mako, ba a fafe gora ranar tafiya. Farashi kan tashi a ranakun, to ki sa ƙarin cikin lissafin kayan Sallah, kuma ranar ce ya kamata ihsanin yarinya ya ninka, don wasu sai asuba suke tashi daga aiki. In an ja miki gashi har goshi ya yi ƙuraje, ki faɗa tun ana yi, ki biya kuɗin aiki, ki riƙe na goronki. Masu kai yara maza aski, abu ɗaya ne: yaron shagon da ya riƙe kan ɗanki yana kuka shi za ki miƙa wa ɗari, ba mai zaune a kan akwatin kuɗi ba.